Laftanar Robert Toner da Kwana Takwas a Hamadar Libiya

A ranar 27 ga Fabrairu, 1959, wasu Turawan Ingila uku, Gordon Bowerman da Donald Sheridan da John Martin, masu binciken man fetur a ƙarƙashin kamfanin D'Arcy, suka tsayar da motarsu a tsakiyar hamadar Libiya, wurin da babu itace, babu ciyawa, babu ko sawun dabba. A gabansu ga wani ƙaton jirgin yaƙi kwance ruf da ciki a kan tsakuwa, ya karye gida biyu. Tun cikin 1958 aka hango shi daga sama, aka sa masa alama a taswira, amma ba wanda ya damu da shi, domin hukumomin sojan Amurka ba su da labarin wani jirginsu da ya ɓata a wannan nahiya.

Da suka leƙa ciki sai al'ajabi ya kama su. Bindigogin jirgin suna nan da harsasansu, ga abinci, ga ruwan sha, ga filas da abin shan da ke cikinsa bai lalace ba. Rediyon ma da aka gwada shi daga baya sai ya yi aiki. Busasshiyar iskar hamada ta adana komai kamar jiya aka ajiye. Abu biyu ne kawai babu: babu mutum ko gawarsa, babu kuma laimar dira ko guda. A hancin jirgin an rubuta sunansa, Lady Be Good, sunan wani tsohon wasan waƙe-waƙe na Amurka, ma'anarsa kusan a ce "uwargida, yi mana kirki". Kusan shekara 16 ke nan yana kwance a wurin.

Labarin mutum tara da suka tashi a cikin wannan jirgi nake so in bayar, musamman ɗaya daga cikinsu, Laftanar Robert Toner, mataimakin matuƙi, mutumin garin North Attleborough a jihar Massachusetts. Ba don ya fi sauran jarumta na ware shi ba. Na ware shi ne domin shi ne ya riƙe fensir yana rubuta abin da ya same su rana bayan rana, kuma ta hannunsa duniya ta san yadda suka ƙare.

A farkon 1943 Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, ya fara juya wa Jamus da Italiya baya a arewacin Afirka. An ci dakarun Rommel, kwamandan Jamus, a El Alamein cikin ƙasar Masar a Nuwamban 1942, aka bi su ana kora har Bengazi ta faɗi a wannan wata, Turabulus kuma a Janairun 1943. Suka tattara a Tunisiya, inda duk harsashi da mai da abincin da za su samu sai ya ƙetaro Bahar Rum daga tashoshin jiragen ruwan Italiya. Babba a cikin waɗannan tashoshi ita ce Napoli, birnin da samarinmu na yau suka fi sani ta dalilin ƙwallon ƙafa. Aikin jiragen Amurka da ke Libiya shi ne su toshe wannan maƙogwaro. A shekarun nan ne ma jiragen yaƙin Ingila da na Amurka suka riƙa ratsa ƙasarmu, su sha mai a Kano da Maiduguri, su wuce Fort Lamy da Khartum su gangara Masar.

Runduna ta 376 ta jiragen jefa bom ta yi sansani a Suluƙ, kudu da Bengazi. Duk wanda ya san tarihin Libiya zai gane sunan nan, domin a Suluƙ ne Italiyawa suka rataye Shaihu Umar Mukhtar ranar 16 ga Satumba, 1931, a gaban dubban mutanensa da suka tsare a sansani. Shekara 12 ba ta cika ba sai ga baƙin samari daga wata duniya suna tashi daga wannan ƙasa don su je su yi wa Italiya ruwan wuta. Filin jirgin ba kwalta gare shi ba, fako ne da ƙura, mutane kuma a tanti suke kwana.

Toner da abokansa sun iso Libiya ranar 18 ga Maris, 1943. Matuƙi shi ne Laftanar William Hatton, mutumin New York. Mai duba hanya, wato jagaban tafiya, Laftanar Dp Hays. Mai sakin bom, Laftanar John Woravka. Sai saje biyar: Harold Ripslinger mai kula da inji, Robert LaMotte mai rediyo, da masu bindiga uku, Guy Shelley da Vernon Moore da Samuel Adams. Babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Jirgin da aka ba su samfurin B-24 ne mai inji huɗu, irin da Amurka ta ƙera fiye da 18,000 a lokacin yaƙin, shi ma sabo fil, ranar 25 ga Maris aka kawo wa rundunar. Sabon jirgi, sababbin mutane, kuma fitarsu ta farko ke nan tare zuwa fagen fama.

Ranar Lahadi, 4 ga Afrilu, aka ba jirage 25 umarnin su tashi kashi biyu su je Napoli. Bayan azahar suka fara tashi, a cikin guguwar rairayi mai tsanani. Yashi ya shiga injuna, jirage da dama na kashi na biyu suka juyo gida tun tafiya ba ta yi nisa ba. Lady Be Good na cikin na ƙarshen tashi, kuma bai taɓa cim ma ayarin yadda ya kamata ba. Lokacin da suka isa sararin Napoli duhu ya riga ya shiga, ba a ganin abin da aka zo nema. Suka juyo, suka zubar da bama-bamansu a teku don su rage nauyi su tsimi mai.

A nan ya kamata in tsaya in faɗi wata gaskiya. Jirgin jefa bom ba jirgin agaji ba ne. An kai wa Napoli hari daga sama kusan sau 200 a yaƙin nan, dubban fararen hula suka mutu, mata da yara da tsofaffi da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wanda zai tuna da mutanen sama bai kamata ya manta da na ƙasa ba. Amma waɗannan tara, yadda Allah ya ƙaddara, sun shiga yaƙi sun fita daga duniya ba su jefa wa kowa komai ba. Bom ɗinsu kifi ne ya gan shi.

Suka kamo hanyar gida su kaɗai. Daren babu farin wata ko kaɗan. Wata iska mai ƙarfi kuma tana tura su daga baya, har suka riƙa cin tafiya fiye da yadda lissafinsu ya nuna. Da ƙarfe 12 da minti 12 na dare Hatton ya kira ƙasa ta rediyo, ya ce na'urarsa mai nuna alƙiblar sansani ta daina aiki, a faɗa masa inda yake. Tashar ƙasa ta auna muryarsa ta ba shi amsa, digiri 330. Matsalar ita ce na'urar tashar layi kawai take iya nunawa, ba ta bambance wanda ke tahowa da wanda ya riga ya wuce. Kamar a ce wa direba cikin dare, lalle kana kan titin Kano zuwa Zariya, ba a gaya masa cewa ya bar Zariya a baya ba. Amsar ta yi daidai da abin da suke zato, cewa har yanzu suna kan teku suna fuskantar gaɓa. Sai suka miƙe. A Suluƙ an ji rugugin jirgi ya ratsa sama, an harba wutar alama, ba su gani ba.

Rashin sani ya fi dare duhu. Daga sama, cikin irin wannan dare, shimfiɗar hamada da shimfiɗar teku duk ɗaya ne a ido. Awa biyu suna kutsawa cikin Sahara suna jiran su hango gaɓar da ta daɗe da zama a bayansu. Marubuta da yawa sun ɗora laifin a kan Hays, domin littafinsa na hanya ya nuna bai rubuta wani abin kirki ba tun daga Napoli. Ni dai ban ga adalci a wannan hukunci ba. Yaro ne da aka horar cikin gaggawa, aka tura shi fitar farko cikin guguwa, aka raba shi da ayari, na'ura ta mutu, iska ta yaudare shi, sannan tashar da ya dogara da ita ta ba shi rabin amsa. Fatake ma ba sa ba sabon shiga jagabanci a daren farko.

Wajen ƙarfe 2 na dare mai ya ƙare, injuna suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Suka ɗaura rigunan iyo, abin da ke nuna suna tsammanin ruwa za su faɗa, suka yi tsalle da laima. Jirgin ya ci gaba shi kaɗai da inji guda, ya yi tafiyar kilomita 26 zuwa kudu, ya sauka da kansa a kan tsakuwa, kilomita 710 daga Suluƙ.

Ƙafafunsu suka taɓa ƙasa busasshiya. Suka riƙa harba bindiga da wutar alama cikin duhu har mutum takwas suka haɗu. Woravka ne kaɗai bai amsa ba. Ba su sani ba, laimarsa ba ta buɗe sosai ba, ya mutu nan take, da ruwa a gorarsa.

Daga nan rubutun Toner ya fara, a ɗan littafin aljihu, layi biyu ko uku kowace rana. A rana ta farko ya rubuta cewa sun ɓata, mai ya ƙare, sun dira, ba wanda ya ji mummunan rauni, amma ba su ga John ba, wato Woravka. Ranar Litinin ya sake ambaton John kafin ya ambaci wani abu nasa. Sannan ya lissafa guzurinsu: ɗan abinci kaɗan, da rabin gorar ruwa ta soja. Rabin gora, ga mutum takwas. Suka yanke cewa kowa zai sha cikin murfin gorar sau ɗaya a yini.

Suka nufi arewa maso yamma, domin a zatonsu gaɓar teku ba ta da nisa. Alhali tsakaninsu da ita ya wuce kilomita 640. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk labarin. Da sun juya kudu, tafiyar yini ɗaya ko biyu za ta kai su ga jirginsu, inda ruwa yake, da abinci, da inuwar fiffike, da rediyo mai aiki. Amma wa zai ce musu jirgin da suka bari a sama ya sauka lafiya? Duk mai hankali a matsayinsu arewa zai nufa.

Da rana zafi, da dare sanyin da ya kusa daskarar da ruwa. Suka koma tafiyar dare: minti 15 suna tafiya, minti 5 suna hutawa. Suka tarar da tsohon sawun motocin soja da ya nufi inda suke so, suka bi shi. Kuma duk inda suka yi zango sai sun bar alama. Su yanki ƙyallen laima su shimfiɗa shi kamar kibiya mai nuna arewa maso yamma, su danne da duwatsu. Su ajiye takalman jirgi masu nauyi da bakinsu yana duban inda suka bi. Su ajiye rigar iyo. Mutane ne da suka yi imani cewa ana nemansu. Ana kuwa nemansu, amma a teku, domin a can hukuma ta ɗauka jirgin ya faɗa. Babu jirgin ceto ko ɗaya da ya zo kusa da su.

Ranar Laraba Toner ya rubuta cewa kowa ya fara raunana, addu'a ba ta yankewa, barci ya gagara. Ranar Alhamis suka bar tsakuwa suka shiga tuddan rairayi na Kalanshiyo, inda mutum ke taka ɗaya ya zame rabi. Iska tana watsa musu yashi ba ƙaƙƙautawa. Idanun LaMotte suka tafi gaba ɗaya, na sauran ma suka lalace. Toner ya ce ya zaci Adams da Moore sun gama. Duk da haka makaho da masu jan ƙafa ba a bar kowa a baya ba. Sai da suka kai kusan kilomita 130 daga inda suka dira, a kan murfin ruwa ɗaya a yini, sannan biyar suka kasa tashi: Hatton, Toner, Hays, LaMotte da Adams.

Ranar Juma'a, 9 ga Afrilu, uku masu sauran ƙarfi, Shelley da Ripslinger da Moore, suka yi sallama da su suka ci gaba neman taimako. Biyar ɗin suka kwanta wuri ɗaya, da laima guda da ta rage musu a matsayin mayafi. Toner bai ɓoye komai ba. Ya rubuta cewa dukansu suna fatan mutuwa. Ya rubuta kuma cewa suna taruwa su yi addu'a, cewa sun ga tsuntsaye biyu, cewa ruwan da ya rage bai wuce na jiƙa harshe ba, cewa da za su sami ruwa da sun kai labari. Ranar Litinin, 12 ga wata, ya yi rubutunsa na ƙarshe da hannu mai rawa: taimako bai zo ba, daren kuma akwai sanyi ƙwarai.

Na daɗe ina tunanin abin da ke cikin ɗan littafin nan, da abin da babu a cikinsa. Babu zargi. Bai ce matuƙi ya kashe su ba, bai ce mai duba hanya ya ɓatar da su ba, bai ambaci wanda ya nemi ya sha fiye da rabonsa ba. Rabin gora ta kai kwana bakwai a hannun mutanen da ƙishirwa ke kashewa, kowannensu kuma soja ne, akwai bindiga a tare da su. Wanda ya taɓa yin azumi a watan bazara, ya ji yadda harshe ke manne wa dasashi kafin la'asar, zai iya hasashen ɗan kaɗan daga abin da wannan haƙuri yake nufi. Toner yana ganin mutuwa tana tahowa, amma abin da ya fi cika shafukansa shi ne halin da 'yan uwansa suke ciki, da sunayensu na wasa: Sam, Rip, John.

Yaƙi ya wuce ya bar su. Wata guda bayan nan, ranar 13 ga Mayu, sojojin Jamus da Italiya da ke Tunisiya suka miƙa wuya. Aka aika wa iyalan mutum taran nan cewa sun ɓata a bakin aiki, daga baya aka ƙidaya su cikin matattu, aka ce teku ta ci su. Iyaye suka tsufa da wannan labari, wasu suka mutu da shi.

Bayan Turawan man fetur sun kai rahoto, sojojin Amurka daga sansaninsu na Wheelus da ke kusa da Turabulus suka isa wurin jirgin ranar 26 ga Mayu, 1959. Suka shafe watanni suna bincike, suka tsinci takalma, suka tsinci kibiyoyin laima har yanzu a danne da duwatsunsu suna nuna hanya, amma sawun ya ɓace a bakin rairayi. Masana sun ce mutum marar ruwa ba zai wuce kilomita 40 ko 50 a irin wannan wuri ba, don haka ba a yi tsammanin samunsu da nisa ba. Sai a Fabrairun 1960 masu neman mai suka yi kiciɓis da gawarwaki biyar a wuri ɗaya, tare da gorar da babu komai a ciki, da littafin Toner. Mujallar Life ta buga abin da ya rubuta, Amurka duka ta karanta.

Littafin ne ya faɗa wa masu bincike cewa akwai wasu uku a gaba. Aka sake fita. Ranar 12 ga Mayu, 1960, aka sami Shelley, ranar 17 ga wata kuma Ripslinger, kowannensu ya ƙara tafiyar fiye da kilomita 30 a cikin tuddan rairayi bayan rabuwarsu da sauran. Ripslinger ma yana da nasa ɗan littafin, wanda ya tsaya ranar 11 ga Afrilu yana cewa suna ta faman fita daga rairayi su sami ruwa. A watan Agusta aka ga Woravka, har yanzu cikin igiyoyin laimarsa. Aka mayar da takwas ɗin Amurka aka binne su.

Hamadar da ta ci su ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ta wannan yanki ne tsohuwar hanyar ayari ta bi daga Bengazi ta Jalu da Kufra zuwa Wadai, kuma mutanen da suka san ta ba sa ɗaga ƙafa sai da raƙumi da salka da jagaban da ya haddace rijiyoyi. Har gobe kuma tana cin mutane ta hanyar da ta ci waɗannan. A ƙarshen Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance a jihar Damagaram. Motocinsu suka lalace, suka watsu neman ruwa, ƙishirwa ta gama da su. Su ma sun yi tafiya, su ma sun yi addu'a, su ma sun duba sama suna jiran taimako. Bambancin shi ne Toner ya bar rubutu, ƙasarsa kuma ta dawo bayan shekara 17 da jirage da motoci tana tsintar 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, tana kiran kowa da sunansa. Wannan ɗabi'a ta cancanci yabo ko daga wa ta fito, kuma ina fata da mu ma muna riƙe sunayen namu haka.

Ragowar jirgin ya zauna a hamada masu wucewa suna ɓantarar abin tunawa, har zuwa Agustan 1994 da hukumomin Libiya suka kwashe shi suka kai Tobruk. Sojojin Wheelus sun yi wa mutum taran tagar gilashi mai launi a ɗakin ibadarsu, kuma da aka rufe sansanin a 1970 sai aka kai ta gidan tarihin sojan saman Amurka da ke Dayton a jihar Ohio. Farfela ɗaya ta jirgin tana kafe a garin Lake Linden na jihar Michigan, mahaifar LaMotte, wanda yashi ya makantar. Saje Vernon Moore, mutumin New Boston a jihar Ohio, wanda Toner ya zaci ya gama tun ranar Alhamis amma ya miƙe ranar Juma'a ya tafi neman wa 'yan uwansa ruwa, shi kaɗai ne har yau ba a tabbatar da inda ya kwanta ba.